Kundin Malama da filashin da ya wayi gari fanko: abin da ya faru a shagon Kawu

Shagon Kawu yana bakin hanyar Dutsin-ma, cikin jerin shagunan da ke cin abinci da ɗaliban manyan makarantun wannan titi, wato Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Kwamfuta uku ce a ciki, duk na hannu, sai firinta da injin fotokofi da ƙaramin janareta wanda tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba a tayar da shi sai aiki ya taru. Kawu ya yi shekarunsa yana buga tafireta a ofishin gwamnati, da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a nan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, sana'ata gyaran kwamfuta, don haka duk abin da ya lalace a shagon ni ake kira.

Na ga ya dace in rubuta wannan lamari ne saboda kusan duk shagon da na shiga a Katsina ina iske irinsa, kuma amsar masu shagon ɗaya ce: kwamfutar ta tsufa, sai an sayi sabuwa. A shagon Kawu matsala biyar muka tarar a dunƙule wuri guda, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da tsufan kwamfuta ya jawo.

Ranar Laraba ce bayan La'asar ya kira ni. "Kai, in kana kusa taho maza, an yi mani ɓarna."

Na iske shagon tsit. Wata baiwar Allah tana zaune a kan benci ta rafka tagumi, jakarta a cinya. Malamar firamare ce daga Daura, tana haɗa digiri a fannin Hausa, kuma kundinta a kan waƙoƙin daka ne na matan karkarar ƙasar Daura. Da hannu ta rubuta shi a littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, yaron shagon ya kwashe wajen wata biyu yana buga mata, tana zuwa duk mako daga Daura da gyaran da malaminta ya yi da jan biro. Ranar Litinin za a miƙa. Da aka soka filashinta don a fitar da bugu na ƙarshe, sai aka ga duk foldojin sun koma wasu gumaka masu 'yar kibiya a gefe, in an danna ba abin da ke buɗewa.

Yaron ya riga ya yanke hukunci: bairos ya cinye, sai dai a yi fomatin, wato a goge duk abin da ke cikin filashin. Allah ya taimaka Kawu ya riƙe hannunsa. "Na ce mashi kada ya taɓa sai ka zo. Ɗiyar nan wahalarta ta shekara ce a ciki."

Filashin da farko

Ban soka shi a kwamfutar shagon ba, tawa na buɗe. Abu na farko da na duba shi ne nauyin da ke cikin filashin, sai na ga wurin da aka cinye bai ragu ba. Ke nan kayan suna nan. Wannan bairos ɗin, wanda masu shago ke kira shotkot, ba ya goge komai. Yana sa wa foldojin mutum alamar ɓoyewa, sannan ya ajiye gumaka masu sunansu a madadinsu. Duk wanda ya danna gunkin ya tayar da bairos ɗin da hannunsa, ya shiga kwamfutarsa, daga nan kuma duk filashin da aka soka ya ɗauka. Shagon da ɗalibai da yawa ke shiga a rana tamkar rijiyar unguwa ne, guga ɗaya mai datti ya isa.

Maganin yana cikin Windows, ba sai an sauke komai ba. Na buɗe baƙin allon umarni, na rubuta layi ɗaya, da yake filashin a harafin E ya fito:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ma'anarsa a cire alamar ɓoyewa daga kowane fayil da kowace folda. Kafin Malama ta gama gyara mayafinta foldojin sun dawo. Ta ce "Alhamdu lillahi" sau uku, ta rufe fuska da tafin hannu. Na kwashe takardun kaɗai zuwa kwamfutata, na bar gumakan, sannan na yi wa filashin fomatin ɗin da yaron ke so tun farko. A lokacin ya halatta.

Murna ba ta daɗe ba. Fayil huɗu muka samu: KUNDI, da KUNDI GYARA, da KUNDI NA KARSHE, da KUNDI NA KARSHE 2. Babu ko ɗaya da ke ɗauke da gyaran babi na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin. Yaron ya rantse ya buga shi ranar Litinin a kwamfutar tsakiya, har ma an ɗauke wuta yana cikin yi, ya sake bayan an tayar da janareta. Amma inda ya adana, ya manta. Ya yi ta nema da akwatin binciken Windows, ya rubuta "hudu", ya rubuta "kundi", kwamfutar tana ta jan ƙafa ba ta kawo komai ba.

A nan na sa wata 'yar manhaja mai suna Everything, wadda wani mai suna David Carpenter ya rubuta. Nauyinta bai kai na hoto ɗaya da wayar zamani ke ɗauka ba. Sirrinta shi ne ba ta bin foldoji ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye take karanta babban rajistan da rumbun kwamfuta ke rubuta sunan kowane fayil, shi ya sa kana buga harafi sakamako yana fitowa. Na ce ta kawo duk takardun Word, na jera su bisa ranar da aka taɓa su. A saman jerin ga wani fayil na ranar Litinin da dare mai suna BABI NA HUXU.

Yaron ya dafe kai. Da ya danna adanawa cikin gaggawa, Word ta ɗauki layin farko na takardar ta sa a matsayin suna, kamar yadda ta saba. Shi kuma ba zai taɓa samunsa da "hudu" ba, domin abin da ke rubuce a cikin kwamfutar ba ɗ ba ne, x ne. Haɗa babin da sauran aikin bai ɗauki lokaci ba, tunda Word tana da wurin da ake gwama takardu biyu ta nuna bambancinsu da ja. Wannan x ɗin shi ya tsayar da ni.

Haruffa masu lanƙwasa

Malama ce ta ƙara haska mani. Ta ce tun a babi na biyu malaminta ke yi mata faɗa a kan kuskuren bugu, alhali ita a takardar da ake fitar mata ba ta ganin kuskure. Ashe in ta tura masa fayil ɗin ta WhatsApp a waya yake buɗewa, sai ya ga "qasa" da "xalibi" da "varawo".

Wannan tsohon zance ne ga duk wanda ya buga Hausa a kwamfuta. A shekarun 1990, lokacin da samfuran haruffan kwamfuta ba su san da ƙ da ɗ da ɓ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfuran Rabi'at da Abdalla, kuma ba ƙaramin aiki suka yi wa Hausa ba. Littattafai da jaridu da kundaye masu yawa da su aka buga. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce aron maɓallan da Hausa ba ta amfani da su. A wasu, ka danna q ka ga ƙ, ka danna x ka ga ɗ, ka danna v ka ga ɓ. A wasu kuma alamomi irin su } da ] aka ara. Riga ce aka sa wa harafin, amma a ciki yana nan q ɗinsa. Muddin takarda za a fitar daga kwamfutar da ke da samfurin, lafiya lau. Da zarar fayil ya koma wata na'ura, rigar ta faɗi.

Yau an wuce nan. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa wadda duk na'urorin duniya suka yarda da ita. Ƙaramin ƙ lambarsa 0199, ɗ 0257, ɓ 0253. Manyansu kuwa 0198 da 018A da 0181. A cikin Word in ka rubuta lambar ka danna Alt da X tare, sai ta rikiɗe ta koma harafin. Times New Roman na Windows ɗin yanzu yana ɗauke da su, haka samfuran Doulos da Charis na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, waɗanda kyauta ne.

Wani zai ce ai sai a cire lanƙwasar gaba ɗaya a huta, kamar yadda ake yi a Facebook. Kundin Malama kansa ya isa amsa. Aikin a kan daka ne, a turmi, kuma a cikin waƙoƙin akwai amaryar da ake cewa ta shiga ɗaka. Cire lanƙwasa ka ga yadda baiti zai tashi daga ɗaki ya faɗa turmi. Ni ina ganin rashin mutunta harshe ne a ce ɗalibar da ta kwashe shekaru tana nazarinsa ta miƙa aiki a haka.

Sai muka zauna juyawa. Ctrl da H yana buɗe akwatin nema da sauyawa. Sau shida za a yi, ƙanana uku manya uku, tare da kunna zaɓin da ke bambanta babban harafi da ƙarami. Amma akwai rami a nan, kuma mutane da yawa sun faɗa. In ka ce a sauya kowane v a takarda, sunayen littattafan Turanci da ke manazarta ma za su shiga ciki. Shi ya sa za ka ga kundaye a intanet ɗauke da "Uniɓersity" da "Oɗford". Abin da ya cece mu shi ne wahalar da yaron ya sha tun farko: duk inda kalmar Turanci ta zo, yakan bi ta ya mayar da ita Times New Roman don kada ta lalace a takarda. Akwatin sauyawar kuwa yana karɓar sharaɗin samfurin haruffa. Sai na ce ya taɓa v ɗin da ke cikin tsohon samfurin kaɗai, ya ƙyale sauran. Da muka gama na nemi ɓ a shafukan manazarta, muka tsinci wurare uku da suka kuɓuce masa, muka gyara da hannu. Na faɗa wa Kawu a gaban yaron cewa wannan haƙurin nasa ya rage mana aikin dare guda, domin tun da rana ake ta yi masa faɗa, ya kamata a faɗi alherinsa ma.

Akwai littafi ɗaya da ta ɗauko magana daga ciki wanda aka buga a Nijar, inda suke rubuta ƴ a wurin da mu muke rubuta 'y. Mun bar shi yadda mai shi ya rubuta.

Don gaba, na kunna kibod na Hausa da ke cikin jerin harsunan Windows. Ka riƙe Alt na dama ka danna k, ko d, ko b, harafin gaske ya fito. Mai son ƙarin alamomi, irin na karin sauti da masu nazarin harshe ke sawa, akwai manhajar kibod ta Keyman, ita ma ta SIL, kyauta.

Ana kiran Magariba muka tsaya. Malama ta kwana a gidan 'yar uwarta a cikin gari.

Da safe

Ta dawo da wata buƙata. Malaminta ya sa alamar tambaya a kan wani baiti, yana shakkar ko ta ji daidai. Muryoyin matan suna cikin wata tsohuwar waya da ta ɗauka da ita, kuma da aka juyo su kwamfutar shagon ta ƙi buɗewa. VLC ta buɗe su nan take. Wannan manhaja ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi a Faris a 1996, kuma da wuya ka kawo sauti ko bidiyon da za ta ƙi. Abin da ya fi amfanar Malama shi ne maɓalli biyu: ɗaya yana rage saurin magana, sannan Shift da kibiyar hagu suna mayar da sautin baya da daƙiƙa 3. Ta sa abin ji a kunne, ta yi ta maimaita wurin, ana jin amon taɓarya yana fita kaɗan-kaɗan. Can ta ɗago. "Malam, gaskiyarsa. Tsohuwar ba haka ta ce ba." Ta gyara kalma ɗaya. Ta ce da ta san da wannan tun farko, da ba ta kwashe makonni tana fama da maɓallin waya ba.

Saura nauyin fayil. Ana son kwafin PDF ta imel, Gmail kuwa ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale, nata ya ninka haka. Hotunan turmi da matan da ta ɗauka suna ciki da cikakken nauyinsu, ga shafukan sa hannu da aka yi wa sikanin mai launi a kan ɗigo 600 a kowane inci. Lissafin a fili yake: shafin A4 a kan 600 yana da ɗigo kusan miliyan 35, a kan 200 kuwa bai kai miliyan 4 ba, kuma sa hannu da hatimi suna fita tas a hakan. Muka sake sikanin da NAPS2, muka matse sauran da PDF24, wadda wani kamfani a Balin ta Jamus ke bayarwa kyauta. Ya sauko ƙasa da megabait 10.

A nan ne na gano abin da ya fi tayar mani da hankali a shagon. Na tambayi yaron yadda yake rage nauyin takardu a da, ya ce akwai shafukan intanet da yake lodawa su rage masa. Wato takardar NIN ta mutane, da sakamakon jarrabawa, da takardun asibiti, da na fili, duk yana tura su kwamfutar wanda bai sani ba a ƙasar da bai sani ba, kuma ya biya data sau biyu, hawa da sauka. Bai yi da mugun nufi ba, haka ya ga ana yi. Amma wanda ya miƙo maka takardarsa amana ya ba ka. PDF24 a cikin kwamfutar take aiki, ko babu intanet, tana haɗa shafuka ta raba ta matse, ba abin da ke fita daga shagon.

Malama ta karɓi kwafinta da aka yi wa bango ranar Juma'a, ta kama hanyar Daura.

Inda muka yi musu da Kawu

Bairos ɗin ba daga sama ya faɗo ba. Duk kwamfutocin uku manhajar sata ke kansu, kuma wanda ya sa ta ya kashe mai gadin Windows, wato Defender, domin in yana kunne zai kama abin da aka fasa manhajar da shi. An cire ƙofa don a shigo da kaya, ba a mayar ba. Na ce wa Kawu banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bai ji daɗi ba. "To da wane kuɗi? Kai ka san abin da nike samu a shafi ɗaya? Ka san nawa nike zuba wa janareta?"

Yana da gaskiya, kuma ban ga amfanin yi wa dattijo wa'azi a kan abin da aljihunsa ba zai ɗauka ba. Abin da na kawo shi ne LibreOffice, wadda ta samo asali a 2010 ƙarƙashin wata gidauniya a Jamus, kyauta ce ga kowa har da mai kasuwanci, tana buɗe takardun Word da Excel tana adana su. Sai dai ba zan ce ta shiga lami lafiya ba. Wasiƙa da takardar neman aiki da lissafi, babu matsala. Amma kundi mai tebura da yawa da aka fara a Word, wani lokaci shafukansa sukan goce, lambobin ƙumshiya su daina dacewa, ɗalibi kuma ba ya son jin bayani. Yaron ya yi ta ƙunƙuni har mako biyu. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa kwamfuta biyu su zauna da LibreOffice, ta ukun kuma Kawu ya saya mata lasisin Word na gaskiya daga cinikin lokacin kundaye, ita za ta riƙa karɓar aikin da aka faro a waje. Na wanke dukkansu, na mayar da Defender.

Wani abin da ni kaina sai da na koma na karanta: ba kowace manhajar kyauta ce aka yarda a yi kasuwanci da ita ba. IrfanView, wadda nake so ƙwarai wajen rage hoton fasfo, kyauta ce ga mai amfani a gida ko makaranta, amma shago sai ya biya. Don haka na nuna wa yaron yadda ake rage hoto da Paint. 7-Zip ta dunƙule fayiloli da VLC da NAPS2 babu wannan sharaɗi a kansu. Kuma duk daga shafukan masu su na sauko da su, ba daga filashin wani ba.

Sauran gyaran na ɗabi'a ne. Word tana ajiye kwafin ko-ta-kwana duk minti 10, na mayar da shi 3 saboda wuta. Kowane mai aiki yana da folda ɗaya, sunan fayil kuma ya fara da shekara da wata da rana, an daina "na ƙarshe 2". Sannan na rubuta layi ɗaya na robocopy, umarnin kwafar fayiloli wanda shi ma yana cikin Windows, na ajiye shi a fuskar kwamfuta da sunan TASHI. In za a rufe shago a soka rumbun ajiya a danna shi, ya kwafi abin da ya sauya a ranar. Da gangan ban sa masa umarnin da ke goge abin da aka goge a asali ba, don kada kuskuren rana ya bi ajiya da dare. Kawu ne ke danna shi da kansa, ya sa rumbun a aljihun babbar riga ya tafi da shi gida.

Akwai abin da ban warware ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025, kuma babu ɗaya daga cikin kwamfutocin nan da ta cika sharuɗɗan Windows 11. Mai Windows 7 na raba ta da intanet, bugu kawai take yi. Sauran biyun za su kai wani lokaci, daga nan ko dai Linux, tsarin kyauta da ke maye gurbin Windows, ko sabuwar kwamfutar da Kawu ke ta ambata, kuma a ranar ba zan yi masa musu ba.

Sai kuma wata folda da Everything ta tono a kwamfutar tsakiya, wadda Kawu ya yi ta kwasowa daga na'ura zuwa na'ura tun buɗe shagon: kundaye, da waƙoƙin wasu marubuta na cikin gari, da tarihin wata zuriya da wani dattijo ya kawo aka buga masa kafin ya rasu. Duk da tsohon samfurin aka yi su, duk q da x da v ne a ciki. Kawu ya ce ba zai bar su haka ba. Mun fara da tarihin dattijon, ranar Asabar in kasuwa ta yi sanyi, ni ina sauyawa shi yana bin shafukan da tabarau yana duba sunayen mutane da garuruwa. Mun kai shafi na 40.